Tambayoyi da Amsoshi a Kan Sauya Ƙota da Mariƙin Gaba na Bindigar Farauta da na Roba

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma, musamman waɗanda katakon bindigarsu ya tsage, ko ya kumbura, ko kuma tun asali bai dace da jikinsu ba. An fara da na farko-farko, sannan aka gangara zuwa waɗanda suke buƙatar awo da natsuwa.

Mene ne ƙota da mariƙin gaba, kuma me ake nufi idan aka ce na roba ne?

Ƙota ita ce sashen baya na bindiga, wanda ya fara daga inda hannun harbi yake kamawa har zuwa gindin da ake dafawa a kafaɗa, kuma a kan doronta ne maharbi yake ɗora kuncinsa. Mariƙin gaba shi ne abin da ɗaya hannun yake riƙewa a ƙarƙashin bututu. A bindigar famfo, wato wadda ake jan mariƙinta baya a sake tura shi gaba bayan kowane harbi, mariƙin shi ne yake tafiyar da aikin bindigar gaba ɗaya, domin da shi ake fitar da kwanso a ɗura sabon harsashi.

Kalmar roba a nan ta ƙunshi abubuwa da dama waɗanda ingancinsu ba ɗaya ba ne. Mafi yawan ƙotocin da ake sayarwa narkakkiyar roba ce da aka ɗura a cikin mazubi, kuma nagartattun cikinsu nailan ne da aka cakuɗa da zaren gilashi domin ya ƙara tauri. Akwai waɗanda ake jera zaren gilashi ko zaren kabon hawa-hawa a haɗe su da gam mai ƙarfi, su ne mafiya tauri da rashin nauyi. Akwai kuma waɗanda cikinsu roba ce mai tauri amma an lulluɓe mariƙarsu da roba mai laushi, irin waɗanda aka san kamfanin Hogue da su. Abin ba sabo ba ne: tun a 1959 kamfanin Remington ya fitar da bindigar raifal mai ƙaramin harsashi mai suna Nylon 66, wadda aka yi jikinta da nailan na kamfanin DuPont.

Me ya sa mutum zai cire katako mai kyau ya sa roba?

Babban dalili shi ne ruwa. Katako, komai kyan shafen da aka yi masa, yana shan laima ta ƙarshensa da kuma ramukan da ke cikinsa, ya kumbura idan ya jiƙe, ya motse idan ya bushe, kuma wannan kai-da-kawo ne yake sassauta noti, ya buɗe tsaga a wuyan ƙota, inda katakon ya fi siranta. Man bindiga ma yana yi masa illa a hankali, domin idan ana jingine bindiga bakinta sama shekara da shekaru, man yana gangarowa daga akwatin ƙarfe, wato tsakiyar bindigar da ke tsakanin ƙota da bututu, ya shiga kan ƙotar, sai ka ga wurin ya yi baƙi, ya yi laushi har farce yana nutsewa a ciki. Roba ba ruwanta da duk wannan. Mai farautar agwagwa a fadama ko a cikin kwale-kwale zai iya wanke mata taɓo da ruwa, ya goge, ya ajiye.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci ga yawancin mutane, shi ne awo. Ƙotocin roba da yawa suna zuwa da faifan da ake ƙarawa ko a rage domin sauya tsawo, da kuma doro mai hawa daban-daban, ta yadda bindiga ɗaya za ta iya dacewa da dogon mutum da gajere. An yi bayanin wannan a amsoshin da suka shafi tsawon ƙota da tsayin doro.

Me ake rasawa idan aka koma roba?

Ana rasa kyan gani, kuma wannan ba abin rainawa ba ne ga wanda ya san yadda tsohon katakon walnat yake ɗaukar sheƙi a hannun mai shi. Ana kuma rasa sauƙin gyara: katako ana iya kankare shi, a ƙara masa, a lanƙwasa shi da zafi, a manne tsagarsa, alhali robar da aka ɗura a mazubi gam ba ya kama ta da kyau, kuma idan ta karye yawanci sai dai a sayi wata. A lokacin tsananin sanyi roba ta fi katako sanyi a kunci, kuma mai araha daga cikinta tana iya yin gautsi. Sai kuma ƙarar da ƙota mai rami take yi, wadda aka ware wa amsa a ƙasa.

Shin kowace ƙotar roba za ta hau kowace bindiga?

A'a, kuma a nan ne yawancin masu saye suke asarar kuɗinsu. Kowane samfurin bindiga yana da siffar bayan akwatinsa, da kusurwar da dogon notin da yake ɗaure ƙota da akwati yake shiga, da tsawon notin kansa. Samfura biyu ne aka fi yi wa kayan sauyi a duniya, wato Remington 870 da aka fara fitarwa a 1950, da Mossberg 500 da ta biyo bayanta a farkon shekarun 1960, kuma duk da cewa a ido suna kama da juna, ƙotar ɗaya ba ta hawa ɗayar. Ƙotar da aka yi wa Mossberg 500 takan hau 590 da Maverick 88 idan gejinsu, wato awon faɗin ramin bututunsu, ɗaya ne, domin gida ɗaya suka fito.

Geji ma yana da nasa sharaɗin. Bindiga mai geji 20 sau da yawa akwatinta ya fi na geji 12 ƙanƙanta, saboda haka ƙotar geji 12 ko dai ta ƙi zama, ko ta zauna da leɓe ya fito ta kowane gefe yana cizon hannu. Akwai kuma bindigogi da yawa da ake ƙerawa a wasu ƙasashe a kan fasalin waɗannan shahararrun biyu, waɗanda masu sayarwa sukan ce kayansu ɗaya ne, amma bambancin milimita ɗaya ko biyu a ramin noti ya isa ya hana ƙota zama daidai. Kafin a biya kuɗi, a karanta sunan samfuri da geji a jikin bututu da akwati, a gwada su da abin da mai ƙera ƙotar ya rubuta.

Me ya sa mariƙin gaba ya fi ƙota wuyar samun wanda ya dace?

Saboda a bindigar famfo mariƙin yana zaune ne a kan wani gajeren bututun ƙarfe mai sanduna da suke shiga cikin akwati, kuma wani noti mai zagaye ne yake riƙe shi ta gaba. Tsawon wannan bututu ba ɗaya ba ne ko a cikin samfuri guda. A Mossberg 500 mai geji 12, alal misali, akwai gajere mai kimanin inci 6¾, akwai kuma dogo da ya haura inci 7½, kuma mariƙin da aka yi wa dogon ba ya ɗauruwa a kan gajeren sai da wani noti na musamman mai ƙara tsawo. Mafita ita ce a ciro bututun a auna shi da ma'auni kafin a yi oda.

Akwai kuma bindigogin da mariƙinsu da sandunan ƙarfen a haɗe suke, babu bututu a tsakani, kamar yadda ake gani a Maverick 88 da wasu daga cikin Mossberg 500. A irin waɗannan, sayen mariƙi shi kaɗai ba ya wadatarwa, dole sai an sayi bututun da sandunansa da notinsa. Wani abin lura kuma shi ne tsawon mariƙin ta baya: na farauta yakan yi tsawo har ya hau kan akwati idan aka ja shi, wanda yake taimaka wa mai gajeren hannu, amma yana karo da ma'ajin harsashin da wasu suke ɗaurawa a gefen akwati, sai ya hana mariƙin kaiwa ƙarshen tafiyarsa.

Bindigata mai ɗura wa kanta harsashi ce. Abin da aka faɗa ya shafe ta?

Ya shafe ta, amma da ƙarin sharaɗi. A yawancin irin waɗannan bindigogi, kamar Remington 1100 da 11-87 da na kamfanin Benelli, akwai bututu mai sifirin a ciki wanda ya miƙe daga bayan akwati ya shiga cikin ƙota, kuma shi ne yake mayar da ƙarfen rufi gaba bayan harbi. Ƙotar da za ta hau dole ta kasance da ramin wannan bututu a daidai kusurwarsa, kuma ba za a iya gajarta ta fiye da tsawonsa ba. Mariƙin gaba na masu aiki da iskar albarushi kuwa yana rufe kayan da suke yin zafi, yana kuma da hanyoyin fitar hayaƙi, saboda haka ba wurin gwaji da kayan da ba a yi dominsu ba ne.

Masu aiki da ƙarfin shuri, wato bugun da bindiga take yi baya idan an harba, irin na Benelli, suna buƙatar bindigar ta ɗan motsa baya kafin su kammala aikinsu, don haka ƙara musu nauyi da yawa yana iya sa su gaza fitar da kwanson harsashi marar ƙarfi. Akwai ma samfurin da ba a sauya masa ƙota sam: Benelli Nova an ƙera ƙotarta da akwatinta a matsayin abu ɗaya, sai a SuperNova aka raba su.

Bindiga mai baki biyu fa?

Ita kam da wuya a samu ƙotar roba da za a ɗaura mata kai tsaye. Kan ƙotarta ana sassaƙa shi ne ya rungumi ƙarfen akwati ta fuskoki da yawa, kuma mariƙinta yana ɗauke da wani ƙarfe da yake riƙe bututu, wanda matsinsa yake shafar yadda bindigar take buɗewa da rufewa. Wannan aikin maƙerin bindiga ne.

Yaya zan san tsawon ƙotar da ya dace da ni?

Tsawon da ake magana a kai shi ne nisan da ke tsakanin kunama da tsakiyar gindin ƙota. Yawancin bindigogin farauta suna fitowa daga masana'anta da kimanin inci 14 zuwa 14½, awon da aka yi wa matsakaicin namiji, kuma ya yi wa mata da matasa da gajerun maza da yawa tsawo. Alamar ƙotar da ta yi tsawo ita ce gindinta yana maƙalewa a hammatar riga lokacin ɗagawa, maharbin yana jan kansa baya, hannunsa na gaba yana miƙewa sarai kafin ya kai ga mariƙi, har a bindigar famfo ya riƙa ja bai kai ƙarshe ba, harsashi ya maƙale. Wadda ta yi gajarta kuwa tana kawo babban yatsa dab da hanci, kuma harbi ɗaya ya isa mutum ya gane hakan.

Hanyar gwaji mafi aminci ita ce a tabbatar babu harsashi, a ɗaga bindigar zuwa kafaɗa yadda aka saba, kunci a kan doro, sannan wani ya duba tazarar da ke tsakanin hanci da gaɓar babban yatsan hannun harbi. Faɗin yatsu biyu shi ne abin da ake nema. Tsohuwar dabarar nan ta ɗora gindi a lanƙwasar gwiwar hannu a ga ko yatsa ya kai kunama ba ta la'akari da tsawon wuya ko faɗin ƙirji, don haka ban ga dalilin dogara da ita ba. A yi gwajin da irin tufafin da za a fita da su, domin rigar sanyi mai kauri tana iya cinye rabin inci.

A nan ne roba ta yi wa katako nisa. Ƙotar SGA ta kamfanin Magpul tana sauyawa daga inci 12½ zuwa 14½ ta hanyar faifai masu kaurin rabin inci, kuma Hogue yana yin gajeriya mai inci 12. Idan mutum yana tsakanin awo biyu, gara ya ɗauki gajeren, domin ƙara tsawo da faifai ko matashin gindi mai kauri ya fi yankewa sauƙi nesa ba kusa ba.

Na sauya ƙota, sai bindigar ta daina bugun inda nake kallo. Me ya faru?

Bindigar farauta yawanci ba ta da ma'aunin saiti na baya, idon maharbi ne yake tsayawa a matsayinsa, kuma doron ƙota ne yake yanke inda idon zai zauna. Idan sabon doron ya fi tsohon tudu, ido yana hawa, ƙwayoyi su tafi sama. Idan ya fi shi gangara, ido yana nutsewa a bayan akwati, ƙwayoyi su tafi ƙasa, ko maharbin ya riƙa ɗaga kansa yana leƙe, doron ya riƙa marin kuncinsa. A bindigogin farauta na gama-gari gaban doro yakan sauka kimanin inci 1½ daga layin bututu, ƙarshensa kuma inci 2¼ zuwa 2½, amma ƙotocin sauyi ba duka suke bin wannan awo ba, musamman waɗanda aka yi domin amfani da madubin saiti.

Akwai gwajin da masu auna ƙota suka daɗe suna yi. A kafa babban allo ko takarda mai ɗigo a tsakiya a wurin da ya halatta a yi harbi kuma bayansa a tsare yake, a tsaya a nisan yadi 16, a ɗaga bindiga a harba da zarar ta zauna a kafaɗa, ba tare da tsayawa gyara saiti ba, a maimaita sau huɗu ko biyar. Inda ƙwayoyin suka fi taruwa shi ne ainihin inda bindigar take bugu a hannun wannan mutum. A wannan nisa, kowane inci ɗaya na kaucewa yana nufin a matsar da ido kashi ɗaya cikin 16 na inci zuwa wajen da ake son ƙwayoyin su koma. Idan sun sauka inci 4 ƙasa da ɗigo, doron yana buƙatar ƙarin rubu'in inci.

Ƙarin tudu abu ne mai sauƙi, da doron sauyi ko matashin kunci mai mannewa. Matsar da ido dama ko hagu ya fi wuya, sai dai a bindigogin da suke zuwa da siraran faifai da ake sakawa tsakanin akwati da ƙota, kamar yawancin na Beretta da Benelli masu ɗura wa kansu harsashi.

Gaskiya ne cewa ƙotar roba tana rage shurin bindiga?

Robar ita kaɗai ba ta rage wani abin a zo a gani. Da harsashi iri ɗaya, ƙarfin shuri yana bin nauyin bindiga ne: wadda aka rage daga kilo 3.5 zuwa kilo 3 shurinta yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin shida. Saboda haka ƙota mai rami marar nauyi tana iya ƙara wa kafaɗa wahala. Ba kowace ta roba ce ta fi katako rashin nauyi ba, domin mai kaurin bango da kayan sauya awo takan fi shi nauyi.

Abin da yake kawo sauƙi na gaske shi ne matashin gindi mai laushi da faɗi, da ƙotar da ta dace da jiki ta yadda gindinta duka yake kwanciya a kafaɗa. Akwai kuma ƙotocin da aka gina da sifirin a ciki, ko da tsagogi cike da roba mai laushi irin tsarin ComforTech na Benelli, waɗanda suke shimfiɗa bugun a kan ɗan lokaci mai tsawo. Masu sifirin suna sa bindigar ta zame baya a ƙarƙashin fuska, don haka suna buƙatar a ƙara kula da tazarar hanci da aka ambata a amsar tsawon ƙota.

Ƙotata tana ƙara kamar ganga, kuma bindigar ta koma rinjaye gaba. Akwai magani?

Akwai, kuma matsalolin biyu tushensu ɗaya, wato ramin da ke ciki. Idan aka cire matashin gindi aka cusa soso mai tauri har ya cika ramin, ƙarar da take tashi idan reshe ko maɓallin riga ya taɓa ƙotar tana mutuwa. Wasu suna fesa kumfa mai kumbura, amma ban cika son wannan ba, domin tana binne dogon noti, ranar da aka so kwancewa sai an yi haƙa. Idan rinjaye ne damuwar, a naɗe ɗan nauyi a cikin sosan, a matse shi yadda ba zai yi motsi ba, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har bindigar ta daidaita a kan yatsa kusa da gaban akwati. Mai bindiga mai aiki da ƙarfin shuri ya tuna da gargaɗin da aka yi a amsar da ta shafe ta.

Ƙota mai mariƙi irin na ƙaramar bindiga, ko mai naɗewa, ta fi ta gargajiya?

Ga harbin abin da yake tashi ko yake gudu, ta gargajiya ta fi, domin tana barin hannu da kafaɗa su juya tare da bututu cikin sauƙi. Mariƙin da ya sauko tsaye yana da amfani ga mai zama wuri ɗaya yana jira da bindiga a ɗage, kamar masu farautar talo-talon daji, domin yana hutar da wuyan hannu. Sai dai a duba inda makullin kariya, wanda yake hana bindiga tashi, yake. A Mossberg 500 yana saman bayan akwati, inda babban yatsa yake kaiwa nan take a ƙotar gargajiya, amma da mariƙi mai saukowa sai an saki riƙo kafin a kai gare shi. A Remington 870 yana bayan kunama, don haka sauyin bai dame shi ba.

Mai naɗewa tana sauƙaƙa ajiya da ɗauka, amma yawanci doronta siriri ne mai tauri, mahaɗarta kuma takan fara girgiɗi da daɗewa. Ita ce kuma ta fi jawo maganar doka.

Shin sauya ƙota yana iya saɓa wa doka?

Yana iyawa, domin dokokin ƙasashe da yawa suna kallon tsawon bindiga gaba ɗaya da kuma siffar ƙotarta. A Amurka, dokar tarayya ta 1934 ta sa bindigar farauta da bututunta bai kai inci 18 ba, ko wadda aka sauya har tsawonta duka bai kai inci 26 ba, a cikin rukuni na musamman mai buƙatar rajista, kuma jihohi irin su Kalifoniya da New York suna da ƙarin ƙa'idoji a kan ƙota mai naɗewa da mariƙi mai saukowa a bindigogi masu ɗura wa kansu harsashi. A Birtaniya, bindigar famfo ko mai ɗura wa kanta da tsawonta bai kai inci 40 ba haramtacciya ce, kuma ba a lissafa ƙota mai naɗewa ko mai cirewa a cikin awon. A Kanada, wadda za a iya harbawa a naɗe tana ƙasa da milimita 660 tana shiga rukunin da aka taƙaita. Duk inda mutum yake, ya tambayi hukumar da ta ba shi lasisi kafin ya sauya siffar bindigarsa, musamman idan sauyin zai rage mata tsawo.

Zan iya ɗaurawa da kaina?

A bindigar famfo, mai haƙuri da kayan aiki masu kyau zai iya. Kafin komai a buɗe bindigar, a duba ɗakin harsashi da bututun ajiyar harsasai da ido da yatsa, a fitar da harsasai daga ɗakin da ake aikin. Matashin gindi ƙusoshi biyu masu zare ne suke riƙe shi, a ɓoye a cikin ƙananan tsagogi a jikin robar, kuma idan aka shafa ɗan ruwan sabulu a bakin sukudireba zai shiga ba tare da ya yage robar ba. A can cikin rami ne dogon noti yake. A haska da tocila a ga irin kansa, mai tsaga ne ko mai kusurwa shida, domin kuskuren da aka fi yi shi ne bakin sukudireba ya zame ya shiga tsakanin noti da bangon katako, mutum ya murɗa da ƙarfi yana zaton ya kama, sai ya ji ƙas, tsohuwar ƙotar ta tsage daga ciki.

Sabuwar ƙota takan zo da nata notin, kuma shi ya kamata a yi amfani da shi, domin wanda ya yi tsawo yana iya kutsawa cikin akwati, wanda ya yi gajarta kuma zare kaɗan yake kamawa. Duk wani faifan ƙarfe da aka tarar tsakanin akwati da ƙota, kamar wanda yake a Remington 870, a bi umarnin mai ƙera sabuwar a kan ko za a mayar da shi. A ɗaure tamau amma ba da hauka ba, domin roba tana nutsewa a ƙarƙashin matsi. Notin mariƙin gaba yana da tsagogi biyu da suke buƙatar sifana ta musamman, kuma buga shi da ƙusa da guduma yana lalata zaren. Wanda ya ga abin ya ƙi zama sai da tilas, ya dakata ya kai wa maƙerin bindiga.

Me zan duba bayan na gama ɗaurawa?

A duba mahaɗar ƙota da akwati a gaban haske, kada a ga tazara, a kuma murɗa ƙotar da hannu a ji ko tana motsi. A mayar da bututu, a ja mariƙi baya da gaba sau da yawa, a tabbatar yana tsakiya, ba ya gugar bututu ta gefe ɗaya, yana kaiwa ƙarshe ta baya, yana kuma kullewa ta gaba. A gwada makullin kariya da maɓallin sakin mariƙi, domin leɓen wasu ƙotoci yana tokare su. Sannan a gwada ɗurawa da fitarwa da harsashin gwaji marar albarushi. Bayan harbin farko na kwalin harsashi ɗaya ko biyu, a sake duba notocin, domin a lokacin ne roba take gama zama.

Za a iya yanke ƙotar roba idan ta yi tsawo?

Za a iya, amma ya fi yankan katako rikitarwa. Ƙusoshin matashin gindi suna kama wasu ginshiƙai ne da aka ɗura tare da ƙotar a ƙarshenta, kuma idan zarto ya wuce su babu abin da ya rage sai fanko. Dole a sassaƙa katako daidai da ramin, a kafa shi a ciki, a huda masa sababbin ramuka, sannan a goge sabon matashi ya yi daidai da bakin da ya ƙanƙance. Yawanci sayen gajeriyar ƙota ya fi wannan sauƙi da tsabta, kuma a kowane hali a tuna da awon da aka ambata a amsar doka.

Wace kulawa roba take buƙata?

Ruwa da sabulu da tsohon burushi sun isa. Abin da yake yi mata illa shi ne sinadarai masu ƙarfi: ruwan wanke birki, da sinadarin cire fenti, da wasu magungunan wanke bututu, da kuma maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET, wanda yake narkar da saman roba da zanen ɓad-da-kama ya bar shatin yatsu a kai. Wasu ƙotoci da aka shafa wa rufi mai laushi sukan koma danƙo bayan shekaru, suna kama ƙura da zaren tufafi, kuma idan hakan ta faru sai dai a cire rufin gaba ɗaya ko a tuntuɓi kamfanin. Barin bindiga a rana ko a cikin rufaffiyar mota mai zafi yana koɗar da launi, yana kuma iya karkatar da roba mai araha.

Kada kuma rashin tsoron ruwa na robar ya rufe wa mutum ido game da ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ruwa yana shiga ramin ƙota ya kwanta a kan dogon noti da sifirin, yana kuma maƙalewa tsakanin mariƙi da bututun ajiya. Bayan jiƙewa sosai, a cire matashin gindi a tsiyaye, a bar shi a buɗe ya bushe, a shafa wa ƙarfen mai kaɗan.

Me zan yi da tsohon katakon da na cire?

A ajiye shi, ko da ya tsage. A bindigar da ta tsufa ko aka gada, katakon asali wani ɓangare ne na darajarta, kuma mai saye nan gaba zai tambaya. Shi ne kuma ma'aunin da za a koma gare shi idan sabuwar ƙota ta sauya inda bindigar take bugu, domin daga jikinsa ake auna tsawo da gangarar doro da hannun mai shi ya saba da su. A haɗa notinsa da faifansa da ƙusoshinsa a ƙulle a jaka ɗaya, a rubuta sunan samfurin a jiki, a naɗe katakon a tsumma mai tsabta, a ajiye shi a busasshen wuri nesa da zafi.